Jarka Biyar a Tankin Motar Mahmud

Tun ranar da muka dawo daga Umra matan unguwarmu da 'yan ajinmu na Islamiyya ba su bar ni na huta ba. Wannan ta ce yaya Ka'aba take a ido, waccan ta ce wai da gaske ne mun je Madina a mota mai gado da kicin. Ina ba su amsa guntu-guntu, in na iso wani wuri sai in ce bari in duba tukunya. Malamarmu ce ta lura, ta ce, "Maman Sadik, ke dai akwai abin da kike tsallakewa." Akwai kuwa. Shi ya sa na zauna in rubuta, don a baki ba zan iya ba.

Ni da maigidana muka tafi. Tun a filin jirgin Kano na fara jin kunya, domin jakata ta wuce nauyi, aka sa na buɗe ta a gaban jama'a. Kuka ce a ciki, da busasshiyar kuɓewa, da daddawa, da yaji kala biyu, duk tsarabar Gwaggo Hawwa da za mu sauka gidanta. Baban Sadik ya kalli sama kamar bai san ni ba. Sai da na rage atamfofina biyu na ba ƙanwata da ta rako mu, daddawar kuwa ban taɓa ta ba.

A Jidda kuma yatsuna suka ƙi. Na ɗora su a kan gilashin nan da ake ɗaukar zanen yatsa, na'urar ta ƙi karɓa. Ma'aikaciyar ta ba ni tsumma na goge, na sake ɗorawa, shiru. Ta kama hannuna ta juya shi, ta yi wata magana da Larabci tana murmushi. Wata Hajiya 'yar Katsina da ke bayana ta ce, "Cewa take wanke-wanke ya cinye miki yatsu." Muka yi dariya mu uku. A karo na huɗu babban yatsa ya yarda, aka bar ni na wuce.

Ranar da na fara ganin Ɗakin Allah ba zan iya faɗinta ba. Duk addu'o'in da na haddace a gida suka gudu, na tsaya ina kuka kawai har wata Baturkiya ta miƙo mini dabino. Wannan ke nan.

Masauƙinmu gidan Gwaggo Hawwa ne a unguwar Zahir. Ita ƙanwar mahaifin maigidana ce. Tana ƙaramar yarinya mahaifinta ya tafi da ita aikin Hajji ta ƙasa, ya zauna bai koma ba. A Makka ta girma, ta yi aure, ta haihu, amma Hausarta tana nan irin ta tsofaffin cikin birni, har da kalmomin da rabona da jin su tun kakata tana raye. Ɗanta Mahmud ne ke riƙe da ita, shi da matarsa Samira. Su kam Hausarsu rabi ce da rabi. Mahmud ba ya ce mini matar yaya, sai "Ummu Sadik", wai haka ake girmama mace a can. Na ce masa ai mu ma haka muke yi, mun dai ce Maman. Ya ce, "To kin gani, mu ne muka koya muku." Na ce ya fara koyon cewa "ƙwarya" tukuna.

Abincinsu da safe wake ne da aka dama da mai, da wani faffaɗan burodi mai zafi da suke kira tamis. Da rana shinkafa da nama a faranti ɗaya babba, maza da nasu, mata da nasu. Gahawarsu kuwa ta kusa kashe ni a daren farko. Ɗan ƙaramin kofi ne, da na shanye sai Samira ta ƙara, ni kuma ina jin kunyar in ce ya isa. Sai da na sha bakwai Gwaggo ta ce, "Ke 'yar nan, girgiza kofin ake yi in an ƙoshi. So kike ki kwana kina ƙirga silin?"

Abu ɗaya na lura da shi a ɗakin Gwaggo tun rana ta biyu, shi ne yadda take da zamzam. Kofinta na zamzam daban yake, ba a zuba komai a ciki. Ga ciwon gwiwa, ga ciwon suga, amma in za ta sha sai an ɗaga ta ta fuskanci alƙibla. In ɗigo ya zubo a hannunta sai ta shafa a fuska. Wata rana na ɗauki kofin zan ɗauraye a wurin wanke-wanke, ta ce in tsaya, ta sa na zuba ɗaurayen a tukunyar na'ana'ar da ke taga. Ta ce mahaifinta ɗan garuwa ne a Makka, da garwa biyu a sanda ya ciyar da su, kuma ranar da ya ɗebo zamzam ba ya ajiye garwar a ƙasa sai an shimfiɗa wani abu. "Shekara tamanin," in ji ta, "ban yarda ruwan nan ya bi magudana ta hannuna ba."

Na ji wannan da kunnena. Ku riƙe shi, don kada wata ta ce ban sani ba.

Ku kuma kun san yadda kowacce ta ce in zo mata da zamzam. Na matsa wa Mahmud har ya samo mini jarka shida masu lita biyar. Sai bayan ya kawo ya ce, "Ummu Sadik, kin san jirgi ɗaya-ɗaya yake bari?" Ta maigidana ya riga ya yi alkawarinta ga mahaifiyarsa, an ware ta daban, ba ta cikin shidan. Ni tawa ɗaya. Biyar suka tsaya a lungun ɗaki ina kallonsu.

Gwaggo ta jima ba ta je Madina ba. Ba ta iya zaman bas, ga shi kusan kowace awa sai ta kewaya. Ta ce tunda ɗan ɗan'uwanta ya zo, tana so ta je ziyara tare da shi, wa ya sani ko ita ce ta ƙarshe. Mahmud ya aro wata mota wurin abokinsa, karafan suke ce mata. Ɗaki ce guda a kan taya: gado a baya, kujeru, ɗan kicin da famfo, da banɗaki ƙarami. Ranar da ya kawo ta na yi ta zagaye ina taɓa komai kamar 'yar ƙauye. Na ga yana zuba ruwa da tiyo ta wata kafa mai murfi a gefen motar. Na ce, "Ruwan famfon nan na kicin, ana sha?" Ya ce, "Ana sha, ana dafa shayi. Tankin a wanke yake. Rabi kawai zan sa saboda nauyi."

Nan shawarar ta zo mini. Na ce a raina, ga tsohuwa mai son zamzam, ga jarka biyar ba su da hanya. In na juye su a tankin nan, duk shayin da za ta sha a hanya da alwalar da za ta yi, da albarkar zamzam a ciki. Ban gaya wa kowa ba. Gaskiyar magana, so nake sai mun isa Madina in faɗa, Gwaggo ta sa mini albarka a gaban mijina. Wannan ma yana cikin abin kunyar.

Da safe mazan suka fita sayo tamis, Samira tana shirya Gwaggo. Na yanke gorar ruwa na yi mazurari, na kinkimo jarkokin ɗaya bayan ɗaya na juye, ina bismillah. Na tura jarkokin ƙarƙashin gadon motar, na wanke hannu, na zauna kamar ban yi komai ba.

Muka kama hanya. Mazan suna gaba, Gwaggo a kan gado tana jan carbi, ni da Samira a kujerun tsakiya. Na buɗe famfo na cika butar shayi, na ji wani ɗan inji yana gurnani a ƙarƙashin kujerata, da na rufe ya yi shiru. Na ji daɗi a raina. Gwaggo ta kurɓa ta ce shayin ya yi.

Ba mu jima da barin gari ba ta ce za ta kewaya. Samira ta riƙe ta suka shiga. Ina zaune sai na ji injin nan ya tashi a ƙarƙashina. Na kalli famfon kicin, a rufe yake. Injin ya yi shiru, ya sake tashi.

Na leƙa gaba, na daidaita muryata, na ce, "Mahmud, wai tanki nawa ne a motar nan?"

Ya ce, "Uku. Ɗaya na ruwa mai kyau, biyu na datti."

"Na mai kyaun, kicin kaɗai yake zuwa?"

"Kicin, banɗaki, wanka, duka. Me ya sa, za ki saya ne?"

Baban Sadik ya yi dariya ya ce in fara sayen keke. Ni ma na yi dariyar. Ban san daga ina ta fito ba.

A gidanmu randar sha daban take, ruwan banɗaki daban, ko butocin ba a haɗa su. Bai taɓa zuwa mini ba cewa mutum zai haɗa ruwan shayinsa da na tsarkinsa a mazubi ɗaya. Wannan kuskure ne, kuma Allah yana yafe kuskure. Abin da ya biyo baya ba kuskure ba ne.

Na yi shiru. Na ce bari mu ɗan ƙara gaba in samu yadda zan faɗa. Na ce bari in jira mu tsaya in ja maigidana gefe. Na ce watakila ma ba za ta sake shiga ba kafin nan. Duwatsu baƙaƙe suna wucewa ta taga, Samira tana ba ni labarin bikin ƙanwarta, ina cewa "Allah sarki" a inda ya kamata da inda bai kamata ba. Kusan awa guda ina wannan lissafi.

Sai Gwaggo ta ce, "Samira, zo ki kama ni."

Samira tana fere lemo, hannunta a jiƙe. Ni ce na tashi. Ni na kama hannun Gwaggo, na kai ta ƙofar banɗakin, na zaunar da ita, na ja ƙofar. Kalma ɗaya ta isa. Ko cewa na yi, "Gwaggo, tsaya in kawo miki ruwan gora," da ta wadatar. Bakina ya ƙi buɗewa saboda ina tsoron fuskarta. Na tsaya a bakin ƙofa ina jin injin yana gurnani.

Da muka tsaya sallar azahar a wani gidan mai da ke da masallaci da wurin cin abinci, na ja Baban Sadik bayan motar na gaya masa. Na ce masa yanzu-yanzu na gane. Ya dube ni ya ce, "Binta, wa ya aike ki?" Shekarunmu ashirin da biyu da aure, ban fi sau uku na ji sunana a bakinsa ba.

Mahmud da ya ji ya dafe kai, ya yi maganganu da Larabci da ban so a fassara mini ba. Sannan ya ce, "Halas, ya wuce. Amma Ummi kada ta sani. Wallahi in ta sani ba za ta ci abinci ba, sugarta ta faɗi, mu koma gida." Ya shiga ya kashe injin ruwan, ya ce wa mahaifiyarsa tankin ya samu matsala, sai an zubar da ruwan an sake. Ina jin Gwaggo tana yi masa faɗa: ya aro motar mutane bai duba ba, tun yana yaro haka yake, komai da gaggawa, ga shi zai shanya baƙi a rana. Ya sunkuyar da kai yana cewa, "Na'am, Ummi." Faɗana ne yake sha.

Zubarwar ma ba ta zo da sauƙi ba. A ƙarƙashin motar akwai wani ɗan famfo da ake murɗawa tankin ya tsiyaye. Mahmud ya durƙusa zai murɗa, Baban Sadik ya riƙe kafaɗarsa ya nuna masa ƙasa. Duk baƙin mai ne a wurin, kuma gangaren ya nufi kwatar banɗakunan masallaci. Suka tsaya cirko-cirko.

Wani dattijo mai rigar ma'aikata yana shara a gefe, ashe yana jin mu. Ya matso ya ce, "Salamu alaikum. Mi ya faru, 'yan uwa?" Sunansa Malam Isuhu, mutumin Tawa ne ta Nijar, shi ke kula da masallacin. Maigidana ya gaya masa a taƙaice, bai ce ni ce ba, ya ce "an yi kuskure". Malam Isuhu ya dube ni sau ɗaya ya kawar da kai, na san ya gane.

Ya ce, "Wanga ruwa ba a zubar da shi ƙasa. Ku dakanta." Ya tafi ya dawo da wani tiyo fari, ya ce da shi yake cika randar sanyi ta masallaci, bai taɓa wanke daɓe da shi ba. Dabararsa ita ce kada a bi ta ƙasa. Aka rufe hanyar da ke kai ruwa banɗaki, aka cusa bakin tiyon a famfon kicin aka ɗaure da roba, aka fito da shi ta taga, Mahmud ya kunna injin. Ruwa ya taho. Na shiga na jawo jarkokin nan biyar daga ƙarƙashin gado, Gwaggo tana kallona, na ce na tara ruwa ne. Muka cika su, ruwa bai ƙare ba, don ya haɗu da rabin tankin da Mahmud ya zuba.

Malam Isuhu ya je wurin direbobin manyan motoci da ke hutawa a inuwa. Ya gaya musu gaskiya, cewa zamzam ne gauraye da ruwan famfo, mai so ya kawo gora. Suka taso, 'yan Sudan, 'yan Pakistan, da wani Bayamane mai barkwanci da ya kawo tukunyar shayinsa da bokitin ƙarfe. Ni ke riƙe da bakin tiyo, ina toshewa da yatsa tsakanin gora da gora don kada ya ɗiga. Kowa ya karɓa sai ya yi mini addu'a. Ban taɓa jin addu'a ta yi mini nauyi irin na ranar ba.

Da injin ya fara jan iska, saura ɗan na gindin tanki. Wannan dole ta ƙasa zai fito. Na karɓi kwanon silba wurin Samira, na shimfiɗa kwali, na durƙusa na tara a bakin ɗan famfon, Mahmud yana murɗawa a hankali. Kwano huɗu na kai gindin wasu bishiyoyin magarya da ke bayan masallaci. Aka zuba sabon ruwa aka ɗauraye tankin sau biyu, shi ma aka ja tiyo zuwa magaryar. Mahmud ya ce sau ɗaya ya isa, maigidana ya ce uku, Malam Isuhu ya raba su ya ce biyu, "in ba haka ba har la'asar kuna nan kuna gardama, itacen ma sun ƙoshi."

Na shiga motar da kwanon a hannu, gwiwoyin abayata duk ƙura. Gwaggo ta ɗaga labulen taga tana kallon waje. Wani direba ne can, ya tsaya ya fuskanci alƙibla, yana shan ruwan gorarsa a kurɓi uku.

Ba ta juyo ba ta ce, "Ruwan tankin da ya lalace ne mutumin can yake sha a tsaye?"

Samira ta sunkuyar da kai. Na ajiye kwanon, na durƙusa a gaban gadon, na gaya mata tun daga jarkokin har mazurarin. Na ce Mahmud ba shi da laifi. Ta saki labulen. Ta ja carbi, ta yi istigfari a hankali sau da yawa. Ba ta yi kuka ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi.

Sannan ta ce, "Sau biyu na shiga. Yaushe kika gane?"

Babu wanda ya san amsar nan sai ni da Allah. Maigidana yana tsaye a bakin ƙofar motar, shi da na ce wa yanzu-yanzu na gane. Da na maimaita haka da maganar ta mutu a nan.

Na ce, "Tun na farkon, Gwaggo. Da na kama hannunki na kai ki, na riga na sani."

Na ji Baban Sadik ya sauka daga matakalar ya yi nisa. Gwaggo ta dube ni, ta ce wa Samira, "Gaya wa Mahmud mu tafi, rana tana yi." Ta juya fuskarta bango.

Ta ci abinci, alhamdulillahi, ba mu koma gida ba. Mun yi kwana uku a Madina. Ni na riƙa tura kekenta zuwa masallaci, ba ta hana ni ba. Tana yi mini magana, ta ce in gyara mata mayafi, ta tambaye ni ko na ci. Ranar ziyara ta yi kuka, ta riƙe hannun ɗan ɗan'uwanta ta yi ta jero sunayen mutanen gidansu na Kano da suka rasu tun kafin a haife ni. Amma in za ta kewaya Samira take kira, ko da ni ce a kusa. Maigidana kuwa sai a kwana na biyu ya yi mini magana ta kirki. Ya ce ya tambayi wani malami a masallaci, an ce masa wanda bai sani ba babu komai a kansa, kuma malamai ma sun yi saɓani a kan hukuncin. Ya ce in gaya wa Gwaggo ko hankalinta ya kwanta. Na gaya mata. Ta ce, "Na sani, 'yar nan. Ai ba a jiya na zo garin ba."

Ranar da za mu taho gida, an fitar da jakunkuna, na shiga ɗakinta sallama. Ta ba ni dabino da turare na yara, da wani mayafi nata da ta ce in kai wa surukata. Na durƙusa kamar yadda matafiyi yake yi, na ce, "Gwaggo, ki yafe mini."

Ta ɗora hannunta a kaina. Ta ce, "Ruwan na yafe tun a hanya, don alheri kika nufa, wauta ce ta shiga. Shirun ne nake fama da shi. Na gwada a Madina, na gwada a nan, zuciyar ba ta saki ba tukuna, ni kuma ba zan yi miki ƙarya a bakin ƙofa ba. Ki je ki riƙa roƙa mini Allah ya ba ni ikon yafe shi kafin in mutu."

Mahmud yana ta danna hon a waje. Na sumbaci hannunta na fito.

Wata huɗu ke nan. Duk Juma'a ina kiranta, mu gaisa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, ta ce kukar ta kusa ƙarewa. Ba ta ce komai a kan waccan maganar ba, ni ma ban tambaya ba. Addu'ar da ta sa ni ina yi bayan kowace salla. Wadda ta karanta wannan har ƙarshe, don Allah ta taya ni, domin Gwaggo ta tsufa ƙwarai.